Bokitin da ya ƙi karɓar murfi: yadda aka gyara hanyoyin ruwa a mol na wata masana'antar roba a Kano

Masana'antar da mol ɗin

Masana'antar tana yankin masana'antu na Sharaɗa a Kano. Matsakaiciya ce, tana buga kwanduna da robobin wanka da kofuna, waɗanda 'yan kasuwa ke sara su kai Sabon Gari, wasu har Maraɗi da Damagaram. Amma aikin da ke riƙe da gidan shi ne bokitin fenti mai cin lita 20, wanda ake bugawa bisa kwangila da masu haɗa fenti. Bokitin wanka ko bakinsa ya ɗan karkace ba mai kula. Na fenti kuwa dole murfi ya zauna daram, domin jera su ake yi hawa-hawa a mota, kuma fenti in ya sha iska ya tashi daga aiki.

Da nau'in roba mai suna PP (polypropylene) ake buga shi, galibi ƙwayar da ke fitowa daga Eleme ta jihar Ribas, a gauraya ta da kashi 20 cikin 100 na niƙaƙƙiyar rarar gida. Nauyin bokitin giram 850 ne. Kaurin jikinsa milimita 2.2, bakinsa kuma, inda murfi ke kamawa, milimita 4.5. Injin da ke ɗura robar mai matsin tan 650 ne.

Mol ɗin, wato gurbin ƙarfen da ake ɗura wa roba ta ɗauki siffar bokiti, an yi shi da nau'in ƙarfe mai suna P20, rabi biyu ne: mace, wadda ke fitar da siffar bayan bokiti, da namiji, wanda ke cike cikinsa. Akwai kuma zoben ƙarfe da ke kewaye da gindin namijin, shi ke siffanta bakin bokitin, shi ke kuma ture shi waje in mol ya buɗe. Bugu ɗaya ya ƙunshi rufe mol, ɗura narkakkiyar roba mai zafin digiri 230, danna ta, jiran ta sandare, sannan buɗewa a fitar. Jiran nan shi ke cinye fiye da rabin lokacin, kuma abin da ke gajarta shi ko ya tsawaita shi shi ne ruwan da ke bin ramukan da aka huda a cikin ƙarfen yana kwashe zafi.

A jikin macen akwai hanyoyin ruwa huɗu masu faɗin milimita 12. A cikin namijin akwai ramuka takwas a tsaye, kowanne da shamakin tagulla a tsakiya, ruwa ya hau ta ɓari ɗaya ya sauko ta ɗayan. Zoben baki ba shi da ruwa ko kaɗan. Ruwan daga rijiyar burtsatse yake, ya shiga hasumiyar sanyaya ruwa da ke bayan gini, famfo ɗaya ya rarraba wa duk injinan.

Da mol ɗin ya fara aiki a 2021, bugu ɗaya daƙiƙa 42 ne, wato bokiti 85 a awa.

Maris 2024: murfi ya fara ƙi

Ƙorafin farko daga wurin mai fenti ya zo. Yaransa suna buga murfi da gudumar roba, gefe ɗaya ya kama, ɗayan ya ɗage. Aka dawo da kaya. Da aka auna bakin bokitan da aka dawo da su, sai aka ga sun zama kamar ƙwai: bambancin faɗi tsakanin tsaye da kwance ya kai milimita 3 zuwa 4, alhali murfin ba ya yafe abin da ya wuce milimita 1. Gindin wasu ya loɓa kusa da ƙofar da roba ke shiga, wasu kuma suna da farin tabo a baki inda zoben ya ture su tun ba su gama sandarewa ba.

Wani abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne bokitin yakan fito daga inji lafiya lau, a gwada murfi ya zauna. Sai washegari ya karkace a sito. Haka PP take: ba ta gama tsukewa a cikin mol, tana ci gaba har kwana guda ko fiye, kuma ɓangaren da ya fito da zafi ya fi wanda ya fito da sanyi tsukewa. In gefe biyu na baki ɗaya suka fito da zafi daban, sai sun ja juna.

Da aka duba allon injin, lokacin bugu ya riga ya kai daƙiƙa 49. Ba wanda ya yanke shawarar haka a rana ɗaya. Kowane mai kula da inji in ya ga bokiti na fitowa da laushi sai ya ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu, wanda ya karɓe shi ya tarar a haka ya bari.

Maris zuwa Afrilu 2024: gwaje-gwajen farko

Abin da aka fara yi shi ne ƙara lokacin jira da gangan, har bugu ya kai daƙiƙa 56. Karkacewar ta ragu amma ba ta tafi ba. Bokiti 64 ke fita a awa a maimakon 85, kuma cikin kowane 100 ana ware kusan 9 a mayar wa injin niƙa.

A daidai lokacin ne, farkon Afrilu 2024, aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan awoyi, zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Motar lantarkin injin da hitocinsa suna shan wuta ne bisa awa, ba bisa yawan bokiti ba, don haka tashi daga daƙiƙa 42 zuwa 56 na nufin kowane bokiti ya ƙara kusan sulusi a kuɗin wutarsa. In aka koma kan janareta abin ya fi haka muni.

Sai zargi ya koma kan niƙaƙƙiyar roba. Aka yi kwanaki ana bugawa da sabuwar ƙwaya zalla. Launi ya yi kyau, baki ya ci gaba da karkacewa ta gefen da ya saba.

Aka rage zafin narkewa daga digiri 230 zuwa 210. A lissafi wannan ba ya rage lokacin sanyaya da abin da ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma roba mai sanyi ba ta gudu sosai a bango mai sirantaka. Bokitai suka fara fitowa da baki bai cika ba, aka mayar da zafin inda yake.

Aka kuma sa kafinta ya yanko faifan katako daidai faɗin baki, ana cusa wa kowane bokiti da ya fito har ya huce. Wannan ya ɗan taimaka, amma ya ci ma'aikata biyu a kowane zubin aiki da fili mai yawa, kuma bokitan da suka kwana a mota cikin rana sukan koma gidan jiya, domin ƙarfin da ke jan bakin yana nan a cikin robar, danne shi kawai aka yi.

Duk wannan lokacin maganar da ke bakin kowa ita ce zafin gari. Afrilu ne, rana na haura digiri 40, ruwan hasumiya na fitowa a digiri 33.

Mayu zuwa Yuni 2024: injin sanyaya ruwa

Mai gidan ya amince aka sayo injin sanyaya ruwa, wanda ma'aikata ke kira cila, aka haɗa shi da mol ɗin ta tiyoyin da ke wurin, aka saita shi a digiri 12. Makonnin farko an ga sauƙi: bugu ya sauko zuwa daƙiƙa 50.

Amma karkacewar baki ƙaruwa ta yi. Da damina ta kankama kuma sai mol ya fara gumi. Iskar Kano a tsakiyar damina takan fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 21 zuwa 23, ƙarfen da ruwa mai digiri 12 ke bi kuwa ya yi ƙasa da haka a wasu wurare. Duk buɗewar mol sai ɗigon ruwa ya taru a fuskar macen, roba ta hau kansa, bokiti ya fito da zane-zane. Ranar Litinin aka tarar da tsatsa ta fara kama fuskar da aka goge. Aka sa yaro yana sharewa da tsumma bayan kowane 'yan bugu, abin da ya cinye daƙiƙun da aka samu, ga haɗarin sa hannu cikin mol.

A ƙarshen Yuni aka kashe cila aka koma ruwan hasumiya da daƙiƙa 56. An gudu ba a tsira ba.

Yuli 2024: awo

Sai a nan aka tsaya aka auna. Kayan awon ba su da yawa: bokiti mai alamar lita, agogon waya, ma'aunin zafi mai tsinke da ake dangwala wa ƙarfe, da ma'aunin matsin ruwa guda biyu. Ba a dogara da ma'aunin zafi mai haska jan ɗigo ba, domin a kan gogaggen ƙarfe mai sheƙi yana ba da lambar ƙarya. Aka bar inji ya yi awa guda yana aiki, sannan a tsayar da shi a auna nan take.

Zafin fuskar ƙarfe ya nuna haka. A macen, gefen mai kula da inji digiri 34, gefen bango 58. A namijin, kusa da ramin farko 38, kusa da na takwas 55. Kan namijin, inda gindin bokiti ke zama, 72. Zoben baki 66. Mol ɗaya, bambancin kusan digiri 40.

Sannan aka cire tiyon fita na kowace hanya aka tara ruwan minti guda. Hanyoyi huɗun macen, da ke sha daga bututu ɗaya a lokaci guda, suka ba da lita 7, lita 6, lita 1.5, ta huɗun kuma ko ɗigo. Biyun ƙarshen su ne na gefen bango. Ruwa in aka ba shi hanyoyi da yawa mafi sauƙi yake bi, kuma hanyar da ta fara toshewa gudunta na raguwa, datti ya ƙara samun wurin kwanciya, har ta mutu ba wanda ya sani, tunda a bututun komawa ana ganin ruwa na tafiya.

A namijin akasin haka aka tarar. An ɗinke ramuka takwas ɗin da guntayen tiyo, na farko ya zuba wa na biyu, na biyu ya zuba wa na uku, har na takwas. Lita 5 ke wucewa a minti. Ruwan na shiga a digiri 31 ya fita a 43. Abin da ake so shi ne kada bambancin shiga da fita ya wuce digiri 2 zuwa 3. Wani tsohon ma'aikaci ya tuna cewa da mol ɗin ya zo hanyoyin namijin a rabe suke, an haɗe su ne wata rana da aka rasa isassun bakunan ruwa a jikin injin, aka bar su haka.

Ma'aunin matsi ya nuna bar 2.5 (bar shi ne awon matsi) a bututun shiga, lambar da kowa ke kallo ya ce ruwa na da ƙarfi. A bututun komawa kuwa bar 1.8 ne, domin siriri ne kuma duk injinan na zuba masa. Abin da ke tura ruwa cikin mol shi ne bambancin biyun, bar 0.7 kacal. Kan kowane tiyo kuma akwai mahaɗin gaggawa mai ramin milimita 6, a gaban hanya mai milimita 12.

Lissafin zafi ya haɗa hoton. Kilo ɗaya na PP yana sauke kimanin kilojul 450 kafin ya sandare ya isa fitarwa. Bokiti 64 a awa kusan kilo 55 ne, wato zafin kusan kilowat 7. Kwashe wannan ba tare da ruwan ya ƙara fiye da digiri 2 ba na bukatar kusan lita 50 a minti. Mol ɗin gaba ɗaya bai kai lita 20 ba.

Akwai kuma batun yanayin gudun ruwan. Tun 1883 Osborne Reynolds ya nuna a Manchesta cewa ruwa a bututu yana gudu iri biyu: a natse, layi-layi, ko a hargitse. In a natse yake, wanda ke manne da bango ne kaɗai ke ɗaukar zafi, na tsakiya ya wuce da sanyinsa. In a hargitse yake, duka yana gauraya yana taɓa bango. Lambar da ke ɗauke da sunansa ita ke raba su: ƙasa da 2,300 a natse, sama da 4,000 a hargitse, masu ƙera mol kuma suna neman 10,000. A ramin milimita 12 hakan na bukatar lita 5 zuwa 6 a minti. Hanyar da ke ba da lita 1.5 tana wajen 3,300 da ruwa mai digiri 30. Ruwa kuwa yana ƙara kauri in ya yi sanyi, don haka da aka ba ta mai digiri 12 sai ta faɗi zuwa wajen 2,100, ta koma natsattsen gudu. Wannan ya bayyana abin da aka gani a watan Yuni: gefen da ke da ruwa ya ƙara sanyi har yana gumi, gefen bango ya tsaya kusan inda yake, tazarar da ke karkatar da baki ta ƙara faɗi.

Hasumiyar ma an hau an duba. Da tururin ruwa take sanyayawa, don haka busasshiyar iskar Maris da Afrilu ba abokiyar gabarta ba ce, lokacin ne ma ya kamata ta fi aiki. Abin da ya same ta shi ne saƙar robar da ruwa ke tsiyaya a kanta ta cushe da laka da gansakuka, bel ɗin fanka ya saki. Kuma tun da aka kafa ta ba a taɓa zubar da wani kaso na ruwanta ba, ƙari kawai ake yi. Ruwa na tashi sama, gishirin da ke cikinsa na zama, yana ƙara kauri wata bayan wata, musamman a bazara.

Agusta 2024: wanki da sake ɗaurin tiyo

Aka sauke mol aka kwance toshe-toshen ramukan. Bangon ciki ya yi farin ɓawo irin na cikin butar shayi da ta daɗe a wuta, kaurinsa kusan milimita 1, a wasu wuraren gauraye da tsatsa da jar ƙasa. Ƙarfen P20 na wuce da zafi da ma'aunin kusan 29, ɓawon nan kuwa 1 zuwa 2. Milimita 1 nasa daidai yake da ƙarin milimita 15 zuwa 30 na ƙarfe. Ramukan macen milimita 20 suke daga fuska, ke nan kamar an ninka nisansu ne.

Wani ya kawo shawarar ruwan batir. Ba a karɓa ba, domin yana cin ƙarfe da tagullar shamaki, kuma ba ya narkar da irin wannan ɓawo yadda ake so. Aka yi amfani da ruwan asid mai sauƙi na sitirik, ƙaramin famfo na zagaya shi daga durom zuwa kowace hanya ita kaɗai, har kumfa ta daina fita, sannan a bi da ruwan soda a kashe kaifinsa, a ɗauraye. Hanyar da ta mutu ba ta amsa ba, tunda maganin ba ya isa inda ruwa ba ya wucewa. Sai da aka zura mata sandar ƙarfe da dogon bakin huda ana juyawa da hannu, sannan aka wanke. Biyu daga cikin shamakan namijin an tarar sun ci sun gajarce, ruwa na tsallakawa daga ƙasa ba ya hawa saman ramin. Aka yanka sababbi.

Aka raba ramuka takwas zuwa hanyoyi huɗu, biyu-biyu. Aka cire mahaɗan milimita 6 aka sa masu cikakken rami, aka gajarta tiyoyin, aka sa wa kowace hanya bawul da ma'aunin gudu mai gilashi, aka buga mata lamba a jikin mol, shiga da fita. Aka dawo da cila, amma a digiri 24, sama da inda raɓa ke sauka, aka cika shi da ruwa mai laushi, marar gishirin da ke yin ɓawo, aka ƙara masa famfon da zai iya tura lita 80 a minti da nasa bututun komawa.

Kowace hanyar namiji ta ba da lita 9, kowace ta mace lita 7. Bambancin zafi tsakanin gefen bango da gefen mai inji ya sauko ƙasa da digiri 5. Karkacewar baki bayan awa 24 ta dawo cikin milimita 1. Bugu ya tsaya a daƙiƙa 44. Aka jingine faifan katako.

Da aka nemi a sauka ƙasa da 44, sai farin tabon baki da loɓawar gindi suka dawo. Kan namijin na nan a digiri 58, zoben baki a 57. Waɗannan wurare biyu ba su da ruwa kusa da su tun daga ƙira.

Satumba zuwa Nuwamba 2024: sake ƙira

Lokacin da roba ke ɗauka kafin ta sandare yana tafiya ne da kaurinta a ninke da kansa: in kauri ya ninka biyu, jira ya ninka huɗu. Jikin bokitin mai milimita 2.2 yakan gama cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa. Bakin mai milimita 4.5 na bukatar fiye da ninki huɗu na haka, ga shi yana jingine da zoben da ba ruwa. Ke nan injin tan 650 na tsaye ne yana jiran ɗan siririn zobe na roba.

An tattauna hanyar zamani ta buga sassan mol da injin leza daga garin ƙarfe, inda ramukan ruwa ke lanƙwasa suna bin siffar kaya. An ajiye ta saboda dalilai uku. Sai an aika waje da kuɗin waje. Ramukanta ƙanana ne masu lanƙwasa, in suka toshe sanda ba ta shiga. Kuma bokiti abu ne mai kewaye, duk abin da ake bukata injin sassaƙar ƙarfe mai juyi zai iya fitar da shi a nan gida.

Aka yi sabon zoben baki na ƙarfe mai tauri, aka sassaƙa masa kwarin ruwa a bayansa yana kewaye shi gaba ɗaya, aka rufe da faranti da zoben roba. Aka kuma sa shi ya ɗan ƙara shiga cikin gurbin roba, kaurin baki ya sauko daga 4.5 zuwa 3.5, aka ƙara ƙananan haƙarƙari a ƙarƙashin leɓen don kada ƙarfinsa ya ragu. Milimita 1 ɗin nan ya rage jiran baki da kusan kashi 40 cikin 100. Sauke zafin fuskar mol da digiri 15 cur ba ya ba da ko kashi 20. Ba a taɓa wurin da murfi ke kamawa ba, kuma sai da mai fenti ya cika samfura ya jera su ya yar da wasu daga bayan mota ya amince, sannan aka ci gaba.

Kan namijin kuwa, ramukan sun tsaya milimita 45 kafin fuska, kuma ba a iya zurfafa su saboda bawul ɗin iska da ke tsakiya, wanda ke hura bokiti ya saki. Sai aka yanke kan aka maye shi da hular gaurayen tagulla, aka sassaƙa kwarin ruwa mai naɗi a ƙarƙashinta yana kewaye bawul ɗin. Tagullar mol da aka fi sani ita ce mai beriliyam, tana wuce da zafi ninki uku zuwa huɗu na P20, amma ƙurarta in ana gogewa tana lalata huhu, kuma shagon da zai yi aikin ba shi da injin zuƙe ƙura. Aka zaɓi gauraye marar beriliyam, mai nikel da silikon.

Gwajin farko a Oktoba bai yi ba. An zurfafa kwarin zoben roba fiye da kima, bai matsu ba, ruwa ya tsattsafo cikin bokiti. Da aka gyara wannan, sai siririyar rarar roba ta fara fitowa a mahaɗar hula da namiji in mol na da sanyi, domin an bar tazara da yawa saboda tsoron buɗewar tagulla, wadda ta fi ƙarfe buɗewa da kusan rabi in ta ji zafi. Aka sake daidaita ta. Mako na biyu da fara aiki wani ya ɓamɓare maƙalallen bokiti da sukudireba ya karce hular, tagulla ba ta da taurin ƙarfe. Aka goge, aka rataye sandar katako a jikin injin, aka hana shiga mol da ƙarfe.

A Nuwamba kan namijin ya tsaya a digiri 40, zoben baki a 38. Bugu daƙiƙa 36, bokiti 100 a awa, nauyi giram 830, abin da ake warewa bai kai 2 cikin 100 ba. Ruwan da ke ratsa mol ɗin lita 76 ne a minti.

Disamba 2024 zuwa Afrilu 2025: hunturu da bazara

Da sanyi ya shigo, ruwan hasumiya ya sauko wajen digiri 20, sai aka ga ba dalilin kunna cila, aka juya bawul zuwa hasumiya. Hasumiya buɗaɗɗiya ce, iska take zuƙa, kuma iskar hunturu ƙura ce. Kafin ƙarshen Janairu gilashin hanyar hula ya nuna lita 3 a maimakon 6, na zoben baki ma ya fara sauka. Wannan karon an gani kafin bokiti ya faɗa, domin mai karɓar aiki yana rubuta lambobin a takarda kowace safiya.

Aka wanke hanyoyin biyu, aka sa na'urar musayar zafi mai faranti tsakanin hasumiya da mol, ruwan waje na bin gefe ɗaya, tsabtataccen ruwan mol na bin ɗayan, ba sa gauraya. Aka sa abin tace ruwa a gaban famfo, aka kafa ƙa'idar zubar da wani kaso na ruwan hasumiya kullum da wanke ta duk wata. Yanzu hasumiya ke aiki a rani, cila kuma a damina, lokacin da laimar iska ke rage ƙarfin hasumiyar.

Afrilu 2025 ya zo da zafinsa kamar na bara. Bugu ya tsaya tsakanin daƙiƙa 36 da 37, ba a dawo da kaya ba.

Hukunci

A ganina zafin gari bai taɓa zama musabbabi ba, ya dai tona abin da ya daɗe yana taruwa. Daga daƙiƙa 20 da aka samu, 12 sun fito ne daga wanki da tiyo da mahaɗai da famfo, aikin da bai kai kuɗin cila ba, kuma da an yi shi a Maris da ba a yi asarar watanni huɗu ba. Abin da ya hana shi ne duk lambobin da ake kallo a jikin inji suke, zafin narkewa da matsi da lokaci, ruwa kuwa ba shi da allo kuma ba shi da mai shi. Mai gyaran inji na ganin na mai famfo ne, mai famfo na ganin in ruwa ya isa bakin inji ya sauke nauyi.

Cila ba asara ba ne, yana da aikinsa a damina. Kuskuren shi ne an nemi sanyi kafin a nemi gudu da daidaito. Mol mai digiri 40 ko'ina ya fi mol mai 20 a nan da 55 a can, domin wuri mafi zafi shi ke yanke lokacin bugu, bambancin zafi kuma shi ke karkatar da kaya.

Sauran daƙiƙa 8 ɗin sun fi ba ni sha'awa, don sun nuna cewa 42 ɗin da ake ɗauka a matsayin lafiyar mol ɗin ba iyakarsa ba ce. Shekara uku ana biyan wutar jiran baki mai kauri da zobe marar ruwa, ba wanda ya tuhume su tunda haka suka zo daga maƙera. Duk mai odar sabon mol ya cancanci ya ga zanen hanyoyin ruwa kafin a yanka ƙarfe, ya duba ko ramukan na kusa da fuska da kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗinsu, ko tazararsu ba ta wuce ninki uku zuwa biyar ba, da kuma abin da ke sanyaya wuri mafi kauri a jikin kayan. Amma da an fara da sake ƙirar kafin a gyara ruwan, hular tagullar da sabon zoben da sun toshe cikin 'yan watanni, kamar yadda Janairu ya nuna.

Aiki bai ƙare ba. Wuri mafi zafi a mol ɗin yanzu shi ne kunnuwa biyun da mariƙin bokiti ke shiga, digiri 52, kuma su ke hana a sauka ƙasa da daƙiƙa 36. Ƙananan sassa masu zamewa ke siffanta su, kai musu ruwa na bukatar tiyo mai lanƙwasa da zai jure motsi sau 100 a awa. An yi zanen, ana jiran lokacin da za a sauke mol ɗin don babban gyara na gaba.